Ranar Da Na Rubuta 3-0 A Bangon Gidan Abokina



A wani lungu da ke bayan Kasuwar Tarauni akwai wani gida mai jan ƙyaure. An daɗe da sake yi wa bangonsa fenti, mutanen da ke cikinsa ma yanzu wasu ne daban, amma har yau idan na gifta ta wajen sai idona ya kai gefen dama na ƙyauren. A nan ne na taɓa rubuta 3-0 da gawayi, ranar Laraba 24 ga Oktoba, 2018. Ina aji biyu na babbar sakandare a lokacin. Labarin wannan rubutu, da abin da bakina ya furta washegari, shi nake so in ba ku yau, domin na san da yawanku akwai ƙungiyar da ke hana ku barci.

Ni ɗan Gyadi-Gyadi ne, kuma a gidanmu ba a tambayar yaro ƙungiyar da yake so. Kano Pillars ka tarar, ita za ka bi. Wanda ya ɗora ni a kan wannan hanya shi ne Kawuna, ƙanin Ummata, wani tela da ke da shago a bakin layinmu. Ina ɗan shekara bakwai ya fara ɗora ni a kan babur ɗinsa, mu bi titin Zariya, mu wuce Dangi, mu nufi Ƙofar Mata, inda filin wasa na Sani Abacha yake. Abin da na fara riƙewa shi ne ƙarar ganguna, da kore da rawaya ta ko'ina, da ihun "Sai masu gida!" wanda nake jin sa har cikin ƙirjina.

Kawu yana da wani tsohon littafin awo. Ta gaba awon wuya ne da hannu da tsawon riga na masu kawo ɗinki. Idan ka juya shi ta baya kuwa, sakamakon wasannin Pillars ne, layi-layi, da jan biro. A cikin wannan littafi na fara koyon tarihi, tun kafin a koya mini shi a makaranta. A nan na san cewa a 1990 aka kafa ƙungiyar, bayan an haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. A nan na ga shekarun da muka ɗauki gasar lig ta ƙasa: 2008, sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere. A nan na ga yadda a 2009 muka fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka, bayan an yi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, har muka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan na ga sunan Ahmed Musa da ƙwallaye 18 da ya zura a kakar da ta ƙare a 2010. Akwai kuma wani layi da Kawu ya zagaye da baƙin biro, ranar da Nasarawa United ta zo har gida ta ci mu 2-1 a Agustan 2015, bayan mun shafe shekara 12 ba a doke mu a wasan lig a gida ba.

Shafi ɗaya ne kawai ya bari babu komai a ciki sai kan magana: Kofin Ƙalubale. Kawu ya ce tun 1953 da wata tawagar Kano ta ɗauko wannan kofi bai sake shigowa garin nan ba. A 1991 Pillars ta kai wasan ƙarshe, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta hana ta. Lokacin yana saurayi. Yakan buɗe shafin ya dube shi, ya ce, "Wannan na ajiye wa rabo."

To, a 2018 sai ga mu a wasan ƙarshe na wannan kofi, wanda a lokacin ake kira Aiteo Cup. Za a buga a filin Stephen Keshi da ke Asaba, kuma da Rangers ta Enugu za mu kara.

Duk wanda ke bin ƙwallo ya san jiran wasan lig daban, jiran wasan sili-ɗaya-ƙwale daban. Lig kamar zangon karatu ne: idan ka faɗi gwajin wannan mako, akwai na mako mai zuwa. Wasan ƙarshe kuwa zama ɗaya ne, minti casa'in, babu gyara. Shi ya sa kwana bakwai kafin ranar, unguwarmu ta zama wata iri. A teburin mai shayi kowa ya zama koci, ana jera kofuna da gwangwanin madara ana nuna inda Rabi'u Ali Pele zai tsaya. Masu Adaidaita Sahu sun ɗaura ƙyallaye kore da rawaya. Kawu ya ture ɗinkin mutane gefe yana haɗa tutoci da ragowar yadi. Ni kuma a aji, malamin Kimiyya yana bayani a kan allo, ina bayan littafina ina jera sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya, in goge, in sake jerawa. Da daddare in kwanta in buga wasan a kaina tun daga farko har ƙarshe, kuma kullum mu ne ke ci. Yanzu da na girma na gane cewa rabin daɗin ƙwallo yana cikin wannan jira, domin kafin a busa usur kofin na kowa ne.

Matsalar ita ce, wanda muke zama a benci ɗaya da shi a makarantarmu da ke Tarauni ɗan Rangers ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifinsa ya zo Kano daga Enugu tun yana matashi, yana da shagon kayan wuta kusa da kasuwa. Shi abokin nawa a Kano aka haife shi. Hausarsa ta fi tawa karin magana, kuma idan aka tashi tara shi ke fara jan hannuna zuwa wajen mai gurasa. Ya fi kowa iya Lissafi a ajinmu, ni kuma ina taimaka masa da Hausa da Tarihi. Ya gaji son Rangers daga mahaifinsa kamar yadda na gaji son Pillars daga Kawu. Su ma suna da nasu jiran: rabon Rangers da wannan kofi tun 1983. Muka yi ta tsokanar juna duk makon, har muka yi alkawarin wanda aka ci zai sayi gurasa mako guda.

Ranar wasa na kalla a wani gidan kallo da ke unguwarmu. Ba masaka tsinke, zafi kamar gidan burodi. Rabi'u Ali ya fara zura ƙwallo. Kafin a tafi hutun rabin lokaci mun ƙara ta biyu. Ana dawowa, ba a jima ba, sai ga ta uku. Benci ya karye, wani ya ɗaga ni sama, wani dattijo yana kuka yana dariya a lokaci guda. Uku da nema a wasan ƙarshe! A raina na ce magana ta ƙare. Sai wani tunani ya zo mini: me zai sa in jira gobe kafin in ga idon mutumina?

Na fice daga gidan kallon, na tsinci guntun gawayi a wajen mai shayi, na kama hanyar Tarauni a ƙasa. Ina tafe ina ihu, masu babura suna mini hon. Na tsaya wuri biyu ko uku ina ba mutane labarin ƙwallayen kamar ni na zura su. Da na isa gidansu ban ko yi sallama ba, na tsaya a bakin ƙyaure na rubuta 3-0 a bango, manya-manya, yadda ko daga bakin lungu za a hango. Ina cikin gyara wa sifirin zagaye na ji ihu daga cikin gidan. Na ce a raina, ta consolation ce, wato ta share hawaye, ba komai. Ban bar wurin ba na sake jin wani ihun, wanda ya fi na farko.

Ƙyauren ya buɗe, mahaifinsa ya leƙo. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya dubi hannuna da ya yi baƙi. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "A'a, ɗana, kai ne? Shigo mana, wasa bai ƙare ba."

Haka na shiga na zauna a kan kujerarsu, a gaban talabijin ɗinsu, na ga Rangers ta farke ta uku ana dab da tashi. Cikin kusan minti goma sha biyar na ƙarshe suka rama duka ukun. Aka tafi bugun fenareti, suka ci 4-2. Mahaifinsa ya durƙusa a tsakar ɗaki ya ɗaga hannu sama, shekara 35 yana jiran wannan rana. Mamarsa ta kawo mini ruwan sanyi da sabulu in wanke hannu. Abokina bai ce mini komai ba, ya dai rako ni har bakin titi. Da zagi suka yi mini, ina jin da abin ya zo mini da sauƙi. Kirkin da suka yi mini shi ya ƙara mini jin kunya, kunyar kuma na kwana da ita ta rikiɗe ta zama fushi.

Washegari a makaranta labari ya riga ni isa. Ina shiga aji aka ɗauki sowa, wani ya rubuta 3-0 a allo. Da aka fita tara, abokina ya same ni a gindin bishiyar darbejiya, ya zauna kusa da ni da wayar yayansa a hannu. Shi mutum ne mai son karance-karance a intanet, har ƙwallon zari-ruga ta Amurka yake bi, wadda mu ba mu san kanta ba. Ya ce, "Mutumina, ka daina damuwa, ba ku kaɗai aka taɓa yi wa haka ba. A Amurka bara, a wasansu na ƙarshe da suke kira Super Bowl, wata ƙungiya mai suna Atlanta Falcons tana gaba da maki 28 da 3, amma New England Patriots ta taso ta cinye ta 34 da 28. Ka ga ku ma..."

Lallashina yake yi. Yau na san haka, kuma ina jin ko a lokacin ma na sani. Amma yara sun zagaye mu suna dariya, ni kuma ina neman wanda zan sauke wa abin da ke cina. Sai na miƙe na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ka ishe mu da surutu. Idan Rangers kake so, ku tattara ku koma garinku mana. Nan garin masu gida ne."

Wurin ya yi tsit. Ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, "A Asibitin Malam aka haife ni, nan bayan gidanku. Ina ne garinmu?" Ya tashi ya tafi. Da aka koma aji ya ɗauki jakarsa ya koma bencin baya.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wata takwas muka yi ba mu yi magana ba. Aji ɗaya, hanya ɗaya, amma idan na hango shi sai in sauya gefen titi. Na sha shirya abin da zan faɗa masa, in na zo kusa sai girman kai ya riƙe mini harshe. Sakamakona na Lissafi ya faɗi a zango na biyu, Umma ta yi ta faɗa tana cewa ƙwallo ce ta cinye mini kai. Ban gaya mata cewa wanda ke zaunar da ni ya warware mini darasi bayan an tashi ne na kora da bakina ba. Gurasar mako guda da na ci bashi ma ban biya ba.

Ana nan sai kakar 2019 ta zo da wani sabon tsari. An raba ƙungiyoyi 24 gida biyu, kowane rukuni 12, aka ce ukun farko na kowane rukuni za su haɗu a filin wasa na Agege da ke Legas, kowa ya kara da kowa, wanda ya fi maki shi ne zakara. Shi ne ake kira Super Six. Waɗanda suka samu shiga su ne Pillars, Enyimba, Rangers, Akwa United, Lobi Stars da FC Ifeanyi Ubah. Wasa biyar cikin kwana tara, daga 4 zuwa 12 ga Yuni. Ranar farko ta dace da ranar Ƙaramar Sallah, don haka a shagon Kawu kwanakin ƙarshe na azumi sun haɗa abu biyu: ɗinkin Sallah da ya taru har rufi, da lissafin maki. Keke yana ta ƙara har asuba, rediyo yana rataye a ƙusa, ni ina sa maɓalli ina cewa, "Kawu, idan muka ci Enyimba, Rangers kuma ta yi canjaras..." Shi kuma ya ce, "Sa maɓallinka, ɗan nan. Ba a cin wasa a shagon tela."

Muka fara da kunnen doki da Akwa United. Muka doke Enyimba. Muka ƙara cin wasa na uku. Kofi ya fara ƙamshi. Ranar Litinin 10 ga Yuni sai ga mu da Rangers kuma. Rabi'u Ali ya ci da bugun tazara, muka riƙe 1-0 har wasa ya zo ƙarshe. Ana saura ƙiris a tashi alƙalin wasa ya ba Rangers fenareti, suka farke. Da aka busa tashi, wasu magoya bayanmu suka tsallaka cikin fili suka bi alƙalin wasa da jifa. Kafin dare bidiyon ya zagaye wayoyin duk ƙasar nan. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars Naira miliyan 8, aka kuma dakatar da kyaftin ɗinmu.

A daren, ina zaune a shago ina huci, na ce, "Wallahi Kawu da ina can da ni za a shiga filin nan."

Kawu ya tsayar da keke. Ya miƙa hannu ya kashe rediyo, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ana sharhin wasa. Ya ce, "Da ka shiga, sai a ƙara mana maki nawa?" Na yi shiru. Ya ce, "Na fi ka jin zafin fenaretin nan, tun ba a haife ka ba nake bin ƙungiyar nan. Amma gobe babu wanda zai yi maganar bugun tazarar Pele. Jifan za a yi ta nunawa, a ce ga halin Kanawa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya jefo mini tambayar da ban zata ba: "Wai ina yaron nan abokinka, mai kawo mini wandon makaranta in rage masa? Na kwana biyu ban gan shi ba."

Ban san dalili ba, sai na ji ba zan iya yi masa ƙarya ba. Na ba shi labari duka, tun daga gawayi har zuwa gindin darbejiya. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Kai kana ihun masu gida, ashe ba ka san ma'anarsa ba. Ai da yadda ya karɓi baƙo ake gane mai gida. Balle wannan ba baƙo ba ne, tare kuka buɗe ido a garin nan. Ubansa ya ga ka ɓata masa bango ya ce ka shigo ka zauna. To, a ranar nan tsakaninka da shi wa ya yi halin masu gida?" Ya kunna kekensa, ya ce, "Kada ka sake zama a shagon nan sai ka je ka ba shi haƙuri."

Ranar Laraba 12 ga Yuni hutu ne, ba makaranta. A ranar aka buga wasannin ƙarshe. Muka ci namu, Enyimba ma ta ci nata. Ta gama da maki 12, mu muna da 11. Ba a doke mu ko sau ɗaya ba a Agege, mun ma doke wadda ta zama zakara, amma maki ɗaya ya raba mu da kofi. Da yamma na sayi gurasa bandashe ta mutum biyu, na kama hanyar da na bi wata takwas da suka wuce. Wannan karon ba ihu, ƙafata ma nauyi take yi. Ruwan sama da rana sun cinye rubutun bango, saura ɗan duhu-duhu. Na yi sallama. Shi ya fito.

Duk jawabin da na tsara ya gudu. Abin da na iya cewa shi ne, "Na zo biyan bashin gurasa. Kuma maganar da na faɗa maka, ban kyauta ba. Ka yafe mini don Allah."

Bai karɓi ledar nan take ba. Ya ce, "Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Wasu sun sha gaya mini haka a hanya, ban taɓa damuwa ba, don ba su san ni ba. Kai ka san ni." Na rasa amsa, na sunkuyar da kai. Can ya miƙo hannu ya karɓa, ya leƙa ciki, ya ce, "Ta mako guda muka yi alkawari. Wannan ta kwana ɗaya ce." Muka zauna a dakalin ƙofar gidan muka ci.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake a ranar ba. Ya dawo bencinmu, amma ya ɗauki lokaci kafin ya sake sakin jiki da ni, kuma akwai irin wasan da muka daina yi har yau. Wanda ya yi ɓarna ba shi ke yanke ranar da za a manta ba.

Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ranar Lahadi 28 ga Yuli, 2019, Pillars ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Aiteo Cup, wannan karon da Niger Tornadoes ta Minna, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Motoci sun yi ta ɗibar mutane daga Kano tun safe. Kawu bai je ba, ƙafarsa na ciwo, don haka muka taru a shagonsa. Ana dab da farawa sai ga abokina ya shigo, ya gaida Kawu, ya samu wuri a kan buhun ƙyallaye ya zauna. Wani ya ce, "Ɗan Rangers, me ya kawo ka?" Ya ce, "Rangers ba ta wasa yau. Yau garinmu ke wasa."

Minti casa'in babu ci. Aka tafi fenareti, abin da ya kashe mu a Asaba. Ni ban iya zama ba, na fita waje na jingina da bango na toshe kunne, ina leƙen fuskokin mutane ta taga. Da na ga Kawu ya jefar da tef ɗin awonsa sama, na san an gama. Mun ci 4-3. Bayan shekara 66 kofin ya dawo Kano. Titin Zariya ya cika da hon da fitilu har dare ya raba.

Da hayaniya ta lafa, Kawu ya jawo littafin awo, ya juya shi ta baya, ya buɗe shafin nan da ya ajiye wa rabo. Hannunsa yana rawa. Ya dube ni, ya dubi abokina, sai ya miƙa masa jan biron, ya ce, "Ɗana, kai ka fi shi kyan rubutu. Rubuta mana." Har yau rubutun hannun ɗan Rangers ne a wannan shafi.

Abubuwa da yawa sun faru bayan nan. A 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu, abin da ban taɓa gani ba a iya wayona, kuma cikin abubuwan da suka jawo haka har da makin da aka zabtare mana saboda tashin hankali a filin wasa. Maganar Kawu ta tabbata: jifa ba ya ƙara maki, ragewa yake yi. A 2023 muka je wasannin neman gurbi na ƙungiyoyi takwas, muka samu tikitin dawowa babbar gasa tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. A ina aka buga? A Asaba, a filin nan dai da aka rama mana uku. Saƙon farko da ya shigo wayata a ranar daga abokina ne.

Shi yanzu yana kudu, can ya yi jami'a. Amma duk watan Janairu sai ya dame ni da zancen zari-rugar Amurka, har na fara gane kanta. Ƙungiyoyi 32 ne a gasarsu ta NFL, kowacce ta buga wasa 17, sannan 14 su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Wanda aka doke sau ɗaya ya tafi gida sai baɗi. Biyun da suka rage su haɗu a Super Bowl a watan Fabrairu, wanda a agogonmu yake farawa bayan sha biyun dare. Ya ba ni labarin Christian Okoye, haifaffen Enugu, wanda ya yi suna a Kansas City Chiefs har a 1989 ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a gasar. Ya ba ni labarin Buffalo Bills, wadda ta kai wasan ƙarshe sau huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994, aka doke ta duka huɗun, kuma har gobe magoya bayanta suna cika fili cikin dusar ƙanƙara, suna cewa bana tamu ce. Da na ji wannan sai na tuna Kawu da shafinsa. Ƙwallon tasu ba irin tamu ba ce, dokokin ma daban, amma jiran iri ɗaya ne, lissafin bayan littafi iri ɗaya ne. Labarin 28 da 3 da ya so ya ba ni a gindin darbejiya na hana shi, sai da na bari ya ƙarasa mini shi bayan shekara biyu.

Ƙannena, ban ce ku daina son ƙungiyoyinku ba. Ni ma ban daina ba, kuma wasa na gaba idan Allah Ya kai mu ina Ƙofar Mata. Ku yi jiranku, ku yi lissafinku, amma bayan an tashi daga aji, don ni na biya kuɗin nawa da sakamakon zango guda. Kada ku bar wurin kallo sai an busa tashi. Idan kuma aka ci ku, ku kama bakinku har zuciya ta huce, musamman a gaban wanda kuke zama benci ɗaya da shi, ko daga ina iyayensa suka zo. Ni kofi ya dawo mini bayan wata tara, amma na yi sa'a ne ƙwarai da abokina ya dawo. Idan akwai wanda kuka faɗa wa irin maganar da na faɗa, kada ku jira wata takwas kamar ni. Gobe da safe ku same shi kafin a shiga aji.

Allah Ya ba ku sa'ar karatu, Ya kuma zaunar da garinmu lafiya.